Jaruman zane da bakinsu kaɗai ke motsi

Kun sha ganin yara sun taru gaban telebijin ko waya suna kallon zane mai motsi. Wani jarumi yana tashi sama, wani yana ɗaga mota da hannu guda. Yau za mu koma baya, mu ga yadda abin ya faro a ƙasar Amurka, lokacin da jaruman nan da ƙyar suke ɗaga ƙafa.

Da farko sai ku san cewa zane ba ya motsi. Ido ne ake ruɗawa. Ana jera hotuna da yawa, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa, a riƙa wuce da su da sauri. A silima, hoto 24 ke wucewa cikin sakan guda. Ku yi lissafi: minti guda hoto 1440 ke nan. Labarin minti 7 ya haura hoto dubu 10. Ko da an nuna kowane zane sau biyu, sai an zana wajen dubu 5, kuma duka da hannu.

A shekarar 1941, wa da ƙane masu suna Fleischer suka fitar da Superman a gidajen silima. Kashin farko kaɗai ya ci dalar Amurka dubu 50. Aikin ya yi kyau ƙwarai, rigar jarumin har kaɗawa take cikin iska. Amma silima na jira wata da watanni kafin sabon kashi ya fito.

Da telebijin ta shiga gidaje, sai lissafi ya sake. Ita ba ta jira. Kowane mako tana son sabon labari, kuma kuɗin da take biya kaɗan ne. A 1957 kamfanin MGM ya rufe sashensa na zane. Mutum biyu da suka yi aiki can, Hanna da Barbera, suka koma aikin telebijin. Da, ana ba su kamar dala dubu 35 don labarin minti 7. Yanzu sai wajen dubu 3 don minti 5. To, yaya za su yi? Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Sai suka rage motsi.

Ga dabarar. Ana zane bisa wata leda mai haske, wadda ake hangen abin da ke ƙarƙashinta. A zana jiki a leda guda, a ajiye shi. Kai a leda ta biyu, baki a ta uku. In jarumi zai yi magana, baki kaɗai ake sakewa. In zai yi gudu, sai a zana taku kaɗan a yi ta maimaita su, ana jan hoton gari a bayansa. Shi ya sa mai lura yakan ga gida guda ya wuce sau biyar.

A 1966 aka kai tsimin nan ƙarshe. Wani ƙaramin kamfani, Grantray-Lawrence, ya yi shiri mai suna The Marvel Super Heroes, da jarumai biyar: Captain America, Hulk, Iron Man, Thor da Sub-Mariner. Shiri 65 suka yi, kowane rabin awa, kowane da kashi 3. Ba su tsaya sabon zane ba sai kaɗan. Littattafan hotuna da ake sayar wa yara suka ɗauko, waɗanda gwanaye irin su Jack Kirby suka zana, suka kwafe su da na'ura. Sai su motsa leɓe, ko ido, ko hannu guda. In jarumi zai tashi sama, sai a ja hotonsa daga wannan gefe zuwa wancan. In ya kai naushi, sai a girgiza hoton duka, a buga ƙara.

A 1967 Spider-Man ya fito, wato mutum mai baiwar gizo-gizo. Kar ku ɗauka mijin Ƙoƙi ne, wannan saurayi ne na birnin New York mai kama ɓarayi da zare. A littafi, rigarsa cike take da saƙar gizo-gizo. A telebijin sai aka bar saƙar a kai da hannu da ƙafa kurum, don zana ta a ƙirji yana cin lokaci. Hoton da yake lilo tsakanin benaye kuwa, shi ake ta dawo da shi. Duk da tsimin nan, kamfanin ya karye, wasu suka ci gaba da shirin har 1970.

Yaran da suka kalli waɗannan sun zama tsofaffi yanzu. Suna dariyar bakin nan mai motsi shi kaɗai, amma suna begen abin. Me ya sa? Ku tuna tatsuniyar dare. Tsohuwa na zaune, ba ta da hoto ko guda. Ta sake murya, ta ce ga Dodo nan, sai yaro ya ga Dodo da idon zuciya, har ya matso jikin uwarsa. Haka waɗannan zane-zane suka yi. Murya da kiɗa da labari suka ɗauki nauyin, yaro ya cika sauran da kansa. Abin da mutum ya sa hannunsa ciki kuwa ba ya saurin mantuwa.

Mu ma nan Nijar muna da shaida. A 1966 ɗin nan, Mustafa Alasan, wanda daga baya ya zauna Tawa, ya fitar da ɗan gajeren silimansa na zane, Bon Voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyara. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba, amma har bayan rasuwarsa a 2015 ana nuna shi a ƙasashen waje.

Yau kwamfuta ke aikin, gashin kan jarumi ma motsi yake. In kun zauna kallo da yaranku, ku bari a gama, sa'annan ku ce su ba ku labarin da bakinsu. Nan za ku gane ko wani abu ya zauna a zuciyarsu.