Katifa Tsakanin Sama da Ƙasa: Nazari kan Shimfiɗar Barci a Tantin Saman Mota

Tsakure

Wannan nazari ya duba dalilan da ke sa masu kwana a tantin da ake ɗaurawa a rufin mota su wayi gari da ciwon jiki, ko sanyi, ko jiƙaƙƙiyar katifa. An ɗauki Namibiya a matsayin misali, saboda yawan amfani da irin wannan tanti a can da kuma bambancin yanayin sassanta. Nazarin ya nuna cewa galibin matsalolin daga ƙarƙashin mai barci suke tasowa, alhali mutane sun fi kai gyara ta sama.

Gabatarwa

A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ƙera tantin saman mota don kasuwa a Italiya, da samfurori biyu da har yau ake sayarwa, wato Maggiolina da Air-Camping. Daga baya sana'ar ta yi ƙarfi a Afirka ta Kudu da Ostireliya, inda ake doguwar tafiya cikin daji. A Namibiya, duk wanda ya je karɓar hayar mota a Windhoek zai ga jerin Toyota Hilux da Land Cruiser, kusan kowace da tanti ɗaya ko biyu a naɗe a kanta. Matafiyi ya isa masauki a Etosha ko Sesriem, ya zuge marfin, ya ja tsani, ɗaki ya tashi cikin mintuna kaɗan. Ya yi nesa da kunama da maciji, ya huta da share tsakuwa.

Sai dai hawa sama bai raba shi da ƙorafi ba. Ƙorafin da aka fi ji iri uku ne: kwatangwalo yana taɓa daɓe, sanyi yana ratso baya da asuba, sannan in an ɗaga katifa da safe sai a tarar da ruwa kwance a ƙarƙashinta. Maganin da ya fi saurin zuwa wa mutane shi ne a ƙaro bargo ko a ɗora wani lallausan soso a kai. Sau da yawa wannan barin jaki ne a daki taiki.

Matsatsin wuri

Katifar gida tana iya kai inci 10 ko 12 ba wanda zai ce uffan. Ta tanti kuwa dole ta bari a rufe tantin, shi ya sa kaurinta bai cika wuce santimita 5 zuwa 7 da rabi ba, wato inci 2 zuwa 3. Tantin iri biyu ne. Akwai mai murfi mai tauri, wanda ke ɗagawa kamar akwati, katifarsa na kwance a miƙe. Akwai kuma mai naɗewa gida biyu kamar littafi, wanda aka fi gani a motocin haya na kudancin Afirka, girmansa a buɗe kamar mita 1.4 a faɗi da 2.4 a tsawo. A wannan na biyu katifar ma ninkewa take yi, don haka duk santimita ɗaya da aka ƙara a kanta biyu yake zama idan aka zo rufewa. Wanda ya ɗora soso mai santimita 5 ya ƙara wa ƙunshin santimita 10, kuma zip ɗin marfin ne zai fara ba shi labari.

Nauyi ma yana da iyaka. Yawancin motoci suna ɗaukar kilo 50 zuwa 100 ne a rufinsu yayin da suke tafiya, tantin kansa kuma ya riga ya cinye kaso mai yawa. Katifar soso mai wancan girma, kaurin santimita 6, ba ta wuce kilo 6 da wani abu. Shimfiɗar roba ta latas mai santimita 5 kuwa takan kai kilo 12. A kan titin tsakuwa mai gargada, kowane kilo da ke can sama yana ƙara wa mota tangaɗi a kwana. Saboda haka ayyuka uku ne ke rububin ɗan wuri guda: ɗaukar nauyin jiki, tare sanyi, da fitar da danshi.

Ɗaukar nauyin jiki

Soso yana da hali mai mataki uku idan aka danna shi. Da farko yana turjewa, sannan ya saki jiki ya riƙa lotsawa a hankali, daga ƙarshe kuma, idan ya matse ya wuce kimanin kashi biyu cikin uku na kaurinsa, ƙananan ramukan cikinsa sun rufe, sai ya zama kamar katako. Mai kwanciya rigingine ba ya cika kai wa wannan mataki, domin nauyinsa ya bazu. Mai kwanciya ta gefe shi ke shan wahala, tunda kafaɗa da kwatangwalo kaɗai ke ɗauke da shi. Jini ya rage gudu a wurin da aka danne, jiki ya nemi juyi, barci ya yi ta tsinkewa.

A nan ake yawan rikita abubuwa biyu, yawan kayan da ke cikin soso da kuma taurinsa. Na farko ana auna shi da kilo a kowace mita kubik, kuma shi ke nuna daɗewar soso kafin ya mutu. Daga kilo 30 zuwa sama ana ɗaukarsa mai inganci. Tauri kuwa wani ma'auni ne dabam. A sirirriyar katifa, soso mai laushi sosai shi ya fi saurin kai mutum daɓe. Tsarin da ya fi aiki shi ne hawa biyu: mai tauri a ƙasa da zai hana nutsewa, siriri mai laushi a sama da zai karɓi kafaɗa. Gwajin ba shi da wuya. Mutum ya kwanta ta gefe ya cusa tafin hannu ƙarƙashin katifar daidai kwatangwalo. Idan ya ji ƙashinsa na danne yatsunsa, to tushe ne ya gaza, ƙarin laushi a sama ba zai fisshe shi ba.

Soson nan mai riƙe siffar jiki, wanda aka ƙirƙiro a 1966 ƙarƙashin wani aikin hukumar NASA don kujerun jirgin sama, yana da farin jini wajen masu gyaran katifa. Aibinsa a daji shi ne da ɗumi yake laushi. A daren Yuli a tsaunukan tsakiyar Namibiya, inda sanyi kan sauka kusa da daskarewar ruwa, mutum zai hau ya tarar da shi ya sandare, sai jikinsa ya ɗumama shi tukuna.

Wata mafita kuma ita ce katifa mai shan iska da kanta, wadda wasu tsofaffin injiniyoyin Boeing suka fito da ita a Siyatil a 1972 da sunan Therm-a-Rest. Soso ne a cikin rufaffiyar jaka: in an buɗe bawul ya kumbura, in za a tashi a matse iskar. Irin su Exped MegaMat suna kai santimita 10 a buɗe, su kuma lafe idan an sace su, abin da ya warware rikicin kauri da rufewa. Amma ƙaya ɗaya ta isa ta kwantar da ita, kuma iska tana tsukewa da sanyi. Katifar da aka hura da rana a zafin digiri 35, iskar cikinta za ta ragu da kusan kashi 10 cikin 100 idan dare ya kai digiri 5. Gara a ƙara mata iska dab da kwanciya.

Sanyin da ke zuwa daga ƙasa

Mai kwana a ƙasa yana cin moriyar ɗumin da turɓaya ta tara da rana. Na saman mota iska ce ke kai-komo a ƙarƙashinsa, musamman a rabin tantin da ya zarce gefen mota yana dogare da tsani. Daɓen yawanci faranti biyu ne na alminiyam da soso a tsakani, kewaye da firam na alminiyam, ƙarfen da ke wuce da zafi sau dubbai fiye da soso. Ga shi kuma bargo ko jakar barci ba su da wani tasiri a ƙarƙashin mutum, domin iskar da ke maƙale cikinsu ce ke riƙe ɗumi, nauyin jiki kuma ya matse ta. Shi ya sa mutum zai lulluɓa da bargo uku amma bayansa ya yi ta ɗaukar sanyi.

Ana auna ƙarfin shimfiɗa wajen tare sanyi da lambar R. Tun da aka fitar da ƙa'idar ASTM F3340 a 2018, manyan kamfanoni suka koma gwaji iri ɗaya, ana iya kwatanta kayan wannan da na wancan. Lamba 2 ta isa daren zafi, daga 4 zuwa sama ake nema idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa. Alherin wannan ma'auni shi ne ana tara shi: siririyar tabarmar soso mai rufaffun ƙofofi, irin ta masu hawan dutse, in an sa ta ƙarƙashin katifa takan ƙara kusan 2, da ɗan kuɗi da ɗan nauyi.

Raɓar ƙarƙashin katifa

Wanda ya taɓa fito da ledar ruwa daga firji ya ga bayanta ya jiƙe ya riga ya san wannan babi. Mutum yana fitar da ruwa ta numfashi da fata duk dare, abin da ya kai kofi ko fiye. Tururin yana ratsa soso ya gangara har ya iske daɓe mai sanyi, nan ya koma ruwa. Iska mai digiri 15 da danshi kashi 80 cikin 100 tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 12. A cikin hamada, inda iska ta bushe, abin da sauƙi. A gaɓar teku wajen Swakopmund kuwa, inda igiyar ruwan Benguwela mai sanyi ke turo hazo, dare ɗaya ya isa. In aka naɗe tantin haka aka bar shi kwanaki, sai fumfuna da wari.

Maganin da ya karɓu shi ne raga mai kauri kamar santimita ɗaya, mai tsayayyun zaruruwa, da ake shimfiɗawa tsakanin daɓe da katifa. Ba ta hana raɓa sauka, amma tana ɗaga katifar daga ruwan, ta kuma ba iska hanyar busar da shi. Sai a haɗa da barin tagogi biyu masu fuskantar juna a ɗan buɗe ko da ana sanyi, da jingine katifar ta sha rana yayin karin kumallo.

Zani, bargo da matashi

Bayan an gama da ƙasa ne ake waiwayar sama. Zanin auduga yana da daɗi a zafi, amma yana shan danshi ya riƙe. Ulu yana iya shan ruwa kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji ya jiƙe ba. Gashin agwagwa ya fi kowane ɗumi da matsuwa wuri guda, sai dai in ya jiƙe ya tashi aiki, don haka na roba ya fi dacewa da bakin teku. Tunda yini da dare sun yi hannun riga a hamada, siraran mayafai biyu sun fi ƙato ɗaya. Matashi kuwa da taurin katifa yake tafiya: a katifa mai tauri kafaɗa ba ta nutsewa, mai kwanciya ta gefe yana bukatar matashi mai tudu. Idan ya hana tanti rufuwa, a sauko da shi cikin mota, inda ƙurar hanya ma ba za ta same shi ba.

Abin da ba laifin katifa ba

Mota in ta karkata, duk tsadar katifa mutum zai kwana yana zamewa. A daidaita ta da ɗan dutse ko katako a ƙarƙashin taya, in kuma dole ne ta karkata, kai ya kasance a tudu. Haka nan binciken Masako Tamaki da Yuka Sasaki na Jami'ar Brown, wanda ya fito a mujallar Current Biology a 2016, ya nuna cewa a daren farko a baƙon wuri ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa yakan zauna cikin shirin ko-ta-kwana. Ke nan ba a yanke wa katifa hukunci da dare ɗaya.

Kammalawa

Kowane ƙorafi cikin ukun yana da wurin da yake nunawa. Ciwon kwatangwalo na nuna raunin tushen soso, sanyin baya na nuna ƙarancin lambar R, ruwa a daɓe kuma na nuna rashin hanyar iska. Tunda santimitocin ƙidayayyu ne, tsarin da ya dace shi ne a fara daga daɓe a hauro: raga, sannan abin tare sanyi, sannan katifa mai tushe, mayafi a ƙarshe. Kafin a sayi komai kuma, a auna ratar da ta rage idan an rufe tantin, domin ita ce za ta faɗi abin da zai shiga.