Wutar Matafiyi a Hanyar Gure: Daga Ƙyastu zuwa Tukunyar Gas

Duk wanda ya taɓa kwana a dajin da ke tsakanin Damagaram da Difa cikin tsakiyar hunturu, lokacin da iskar gabas ke tasowa daga rairayi tana ratsa bargo kamar ba a lulluɓa ba, ya san cewa bayan ruwa babu abin da matafiyi ke wa tanadi da tadbiri kamar wuta. Malamanmu na tafsiri, idan sun kai ƙarshen ayoyin Suratul Waƙi'a da suka ambaci wutar da mutane ke ƙyastawa, sukan bayyana cewa Allah Ya sanya ta tunatarwa, Ya kuma sanya ta abin amfani ga masu sauka a wurin da ba kowa. Kuma lalle mutanen Gure, waɗanda garinsu ya daɗe yana zaman zango tsakanin Barno da ƙasar Hausa, sun fahimci wannan ma'ana da jikinsu tun kafin su ji ta daga bakin malami.

Gure ita ce mazaunin sarautar Muniyo, ƙasar Mangawa, kuma a nan ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a watan Disamba na 1852, zamanin Muniyoma Koso, yana tafe daga Kukawa zuwa Damagaram. Arzikin ƙasar a wancan zamani yana cikin kwarurrukanta, inda ake haƙar kanwa, ake kuma tace ƙasa mai gishiri a dafa ruwanta cikin 'yan tukwanen yumɓu har ya daskare ya zama mangul. Aiki ne na rani wanda ke cin makamashi mai yawa, saboda haka tun asali dukiyar Muniyo da wuta a haɗe suke. Fatake kan zo su yi lodin jakuna da takarkarai da raƙuma su nufi Kano da sauran kasuwannin kudu, kuma madugun da ya san aikinsa ba ya zaɓen zango saboda rijiya kaɗai, sai ya auna ko akwai ƙirare a kusa, domin ayarin da ya sha ruwa amma bai dafa tuwo ba, gobe da safe tafiyarsa ba ta sauri.

Kayan wutar bafatake kuwa ba su da nauyi: ƙyastu, da ƙanƙararsa, da ɗan ɓurɓushin auduga cikin jakar fata. Sauran duk daji ne ke bayarwa. Duwatsu uku sun zama murhu, busasshen reshen kandili ko aduwa ya zama itace, inda itace ya yi wuya a tsinci busasshen kashin raƙuma. Ilmi ne sosai, wanda yaro ke koya daga ubangidansa, ya san wane ice ke barin garwashi har asuba, wane ne ke ci bal-bal ya mutu, wane ne hayaƙinsa ke ɓata abinci. Abzinawa masu zuwa Bilma da Fachi ɗauko gishiri da dabino su ne suka kai matuƙa a wannan lissafi, tun da yake a cikin Tenere babu abin tsinta, wajibi ne su ɗauro itacen girki da ciyawar raƙuma tun daga gida, su ajiye wani kaso a hanya saboda komowa. Abin da ya fi burge ni a sha'anin nan shi ne, a zango ba a sayar da wuta: wanda ya riga hurawa, maƙwabcinsa sai ya aiko yaro da sakaina ya ɗibi garwashi, bisa abin da aka ruwaito cewa mutane abokan tarayya ne a ruwa da ciyawa da wuta.

Ashana ta zo ta kori ƙyastu, motoci suka kori ayari, shayi ya yaɗu har ɗan murhun waya da ƙullin gawayi suka zama kayan tafiyar kowane direba. Amma dajin da ke ciyar da wannan wuta duka ya gaji. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa, tuddan rairayi suka fara gangarowa kan kwarurrukan goriba da dabino na ƙasar Gure, mata suka riƙa yin nisa kafin su haɗa dami ɗaya. A shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi domin rage cin itace. Ya taimaka, sai dai bai raba tukunya da daji ba.

Canji na haƙiƙa ya zo ne a watan Nuwamba na 2011, sa'ad da aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram, wadda ke tace ganga 20,000 a yini na man da ake turowa ta bututu daga Agadem, tana fitar da fetur da gazuwal da iskar gas ta girki. Gas ɗin da a da ake shigowa da shi daga waje, sai manyan ma'aikata ke iya saye, ya zama na gida, gwamnati ta tsayar da farashinsa, kamfanoni irin su SONIHY da Niger Gaz da Oriba da Gani Gaz suka riƙa cika tukwane suna rarrabawa. Dabarar ƙaramar tukunya ta matafiyi kuwa ta girmi wannan da nisa, domin tun 1949 aka kafa kamfanin Camping Gaz a Faransa, wanda shuɗɗan tukwanensa Turawa masu ƙetare sahara suka saba ɗauka.

To, a nan ne tsohon lissafin madugu ya komo cikin sabuwar riga. Mai shirin kwana a daji yau, ko direban babbar mota ne, ko ma'aikacin dabbobi mai zuwa Tasker, yana da zaɓi tsakanin tukunya mai kilo 6, wadda ake ɗaura wa kan girki kai tsaye a bisanta, ta zama murhu da kanta, da mai kilo 12 da rabi, wadda ta fi jimawa amma sai da tiyo da abin daidaita ƙarfin iska. Galibin matafiya ta farkon suke ɗauka, kuma a ganina suna da hujja, domin kowane mahaɗi da aka ƙara a mota mai girgiza ƙofa ce ta yoyo. Sai dai tambayar da ta fi girma ita ce inda za a sami wata idan wannan ta ƙare. A Nijar al'ada ita ce musanya, ka ba da wofi ka karɓi cikakkiya, kuma sau da yawa mai shago ba ya karɓar sai ta kamfanin da yake hulɗa da shi. A Najeriya kuwa ana kai tukunya ne wurin cikawa a auna da kilo, ga shi kuma bakin tukwane ba dole ne ya dace da kan da mutum ya zo da shi ba. Saboda haka wanda zai ƙetare iyaka zuwa Nguru ko Kano, kamata ya yi ya bincika wannan tun yana gida, kamar yadda kakansa ke tambayar labarin rijiyoyi.

Ita kanta iskar gas ɗin iri biyu ce, butan da furofan. Butan ba ya tashi da kyau idan sanyi ya kusa kai ruwa ga daskarewa, shi ya sa a asubahin hunturu wajen Termit harshen wutar kan yi rauni, alhali furofan yana tashi ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Zafi kuma nasa haɗarin daban ne: da gangan ba a cika tukunya fal, ana barin kimanin kashi ɗaya cikin biyar saboda kumburar ruwan da ke ciki, don haka a tsaye ake ajiye ta, a inuwa, a gwada mahaɗinta da kumfar sabulu, kada a kuskura da ashana.

Duk da haka gas bai gama cin zangon ba. Ka tsaya tashar Gure bayan magariba, za ka tarar karen mota ya ɗora shinkafa da wake a kan tukunya mai kilo 6 a gindin taya, ya kare ta daga iska da kwali. Amma naman da aka sayo, a kan garwashi ake gasa shi, butar shayi kuma tana kan murhun waya, idan gawayin wani bai kama ba sai ya miƙa murfin gwangwani wajen maƙwabcinsa a zuba masa 'yan garwashi biyu.