Niamey Twice

Niamey Twice kundin waƙoƙi ne na mawaƙan Jamhuriyar Nijar guda biyu, Sa'adu Bori da Moussa Poussy, wanda kamfanin Stern's na Landan ya fitar a shekarar 1994. Ma'anar sunan ita ce "Yamai sau biyu", duk da cewa Sa'adu mutumin Maraɗi ne. A jikin kundin an rubuta sunansa Saadou Bori, bisa ƙa'idar rubutun Faransanci.

Asali

A shekarar 1987 aka fara gasar waƙoƙin zamani ta Nijar mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin Tawa. Daga baya aka buɗe cibiyar horar da makaɗa ta CFPM a Yamai, inda matasa daga sassan ƙasar suka haɗu a ƙungiyar Takeda. Cikinsu akwai Sa'adu da Poussy da Fati Mariko da Yacouba Moumouni, wanda ya kafa Mamar Kassey. Ibrahima Sylla, ɗan ƙasar Senegal da ya yi fice wajen shirya kundaye, shi ne ya je Yamai ya ƙulla yarjejeniya da mutum biyun farko.

Kiɗa da harshe

An raba kundin tsakanin mawaƙan. Poussy ya fi rerawa da Zabarmanci, Sa'adu kuwa da Hausa.

Ɓangaren Sa'adu ne ya fi jan hankalin Hausawa. Ya ɗauko amo da kirarin bori, waɗanda aka saba ji da garaya ko goge da ƙwarya, ya ɗora su a kan jita da gangunan zamani. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce, domin malamai sun daɗe suna ƙyamar bori. Kiɗan da aka sani a wurin girka sai ga shi a gidan rediyo da filin rawa, kuma mai yinsa bai sakaya laƙabinsa ba.

Hausarsa ta Maraɗi ce, wadda take cikin karuruwan yamma, 'yar'uwar Katsinanci. A wannan yanki akan ji hw ko h a inda Bakano zai furta f, kamar hwaɗi a maimakon faɗi. Saboda haka kundin na da amfani ga mai nazarin karin harshe, ba ga mai sauraren nishaɗi kaɗai ba.

Bayan fitowarsa

Waƙoƙin Sa'adu sun tsallaka iyaka a kaset, suka karɓu a Arewacin Najeriya tun kafin waƙoƙin finafinan Kano su mamaye kasuwa. Ya rasu a hatsarin mota a shekarar 2008, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Niamey Twice shi ne aikinsa da aka fi sani a wajen ƙasar Hausa.