Shokazoba Ɗaya Ko Biyu: Tarihin Bayan Baburan Tseren Daji

Ina yaro, a garejin yayana na fara ganin babur ɗin da na ɗauka ba shi da shokazoba a baya. Wani malamin gona ne ya kawo shi a canja masa sarƙa, Yamaha ne dogo samfurin DT, tayoyinsa masu gudaji-gudaji irin na shiga daji. Na durƙusa na leƙa dama, na leƙa hagu, babu sifirin nan guda biyu da muka saba gani a bayan kowane babur. Na ce, "Yaya, wannan mutumin fa an sace masa shokazoba." Ya yi dariya har sai da ya ajiye sifana, sannan ya kwance sirdi ya ɗaga tanki ya nuna mini. Ga ta nan guda ɗaya tal, doguwa, kwance a ƙarƙashin tankin mai, ta miƙe har wuyan babur. Na tambaye shi dalili, ya ce ai guda ɗaya ta fi biyu aiki. Haka na riƙe shekara da shekaru, sai da na girma na bi diddigin labarin na gane cewa amsar yayana rabin gaskiya ce, kuma shi kansa mutumin da ya ƙirƙiro abin bai gane dalilin da ya sa yake aiki ba.

Tseren babur a cikin daji a Ingila ya samo asali. A 1924 aka yi na farko a kusa da garin Camberley, kuma baburan da aka hau na kan titi ne, bayansu ƙarfe ne sandararre, tayar baya a ɗaure take da firam kai tsaye. Duk ramin da taya ta faɗa, ƙugun mahayi ne ke biya, sai ɗan sifirin da ke ƙarƙashin sirdi. Ba wai babu masu tunanin gyara ba ne. Tun 1928 Philip Vincent ya yi rajistar wata dabara ta sa sifirin a ƙarƙashin sirdi, tayar baya tana tura su ta wani ƙarfe mai kusurwa uku. Amma abin da ya karɓu bayan Yaƙin Duniya na Biyu shi ne wanda muka sani a baburan acaɓa har gobe: ƙarfe mai hannu biyu da ke riƙe da tayar baya, gindinsa a maƙale a bayan inji yana lilo sama da ƙasa, sai shokazoba biyu a tsaye kusa da tsakiyar taya, ɗaya dama ɗaya hagu. Wannan ƙarfe zan riƙa kiransa ƙarfen lilo.

Da wannan tsari aka buɗe gasar duniya ta baburan tseren daji masu 500cc a 1957, aka ƙara ta masu 250cc a 1962, kuma har farkon shekarun 1970 tayar baya ba ta motsa fiye da kimanin inci 4, wato santimita 10. Mai karatu ya auna da tafin hannunsa. Da wannan ɗan taƙi mutum zai diro daga tudu a guje, ya bi ta gargada fiye da minti 40 ba tsayawa, ya huta kaɗan ya sake komawa zagaye na biyu. Shi ya sa mahayan wancan zamani a tsaye suke tuƙi, gwiwoyinsu ne shokazoba ta gaskiya. Kamfanoni kuma hankalinsu na kan inji da rage nauyi. Suzuki ta nan ta ci kasuwa: baburanta marasa nauyi suka ba Joël Robert kambun 250cc a 1970, 1971 da 1972, suka ba Roger De Coster na 500cc a 1971 da 1972. Dukansu 'yan Beljiyam ne.

To a Beljiyam ɗin nan akwai wani injiniya mai suna Lucien Tilkens. Ya lura cewa idan babur ya daki rami a guje, bayansa kan yi tsalle ya karkace gefe ya kayar da mai shi. A tunaninsa, laifin na shokazoba biyun nan ne da ke tura duka sama a bayan firam, suna murɗa shi. Maganin da ya gani shi ne a yi guda ɗaya doguwa, a kwantar da ita ta nufi wuyan babur, inda firam ya fi ƙarfi, domin duka ya tafi gaba maimakon sama. Ya fara gwadawa a jikin babur ƙirar ČZ ta Cekoslobakiya, sannan a 1972 ya kai wa Suzuki. De Coster da abokin tserensa Sylvain Geboers sun hau, sun ce lallai ya fi. Injiniyoyin Suzuki kuwa suka zauna da lissafin Tilkens, suka ga bayanin da ya bayar bai tsaya da ƙafarsa ba, suka ce ba su saya. Ni a nan ba na ganin wautarsu sosai. A kan lissafi gaskiya suka faɗa. Kuskurensu shi ne ba su tsaya sun tambayi kansu abin da ya sa mahayansu biyu, zakaru, suka ji daɗin babur ɗin ba.

Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Yamaha ta saya, kuma a 1973 Håkan Andersson ɗan Suwidin ya fito da shi a gasar 250cc, ya ƙare shekarar da kambun duniya, na farko a tarihin Yamaha a tseren daji. Aka yi ta cece-ku-ce, kowa na cewa sirrin a shokazoba ɗaya yake. Ashe sirrin ya fi haka sauƙi. Saboda yadda aka kwantar da ita, da tsawonta, tayar baya ta sami damar yin sama da ƙasa fiye da ta sauran babura nesa ba kusa ba. Taya mai doguwar tafiya takan haɗiye rami ta ci gaba da kama ƙasa, taya mai kama ƙasa kuwa ita ce ke tura babur gaba. Tilkens ya nemi abu guda, Allah Ya ba shi wani.

Waɗanda suka fara ganowa mutanen wani ƙaramin kamfanin Jamus ne, Maico, wanda ba shi da kuɗin sayen dabarar kowa. A cikin wannan shekara ta 1973 suka yanke maƙalar shokazoba biyun nan, suka matsar da su gaba a kan ƙarfen lilo, kusa da inji, suka yi walda. Shi ke nan. Wanda duk ya taɓa tura ƙyaure ya san hikimar: bakin ƙyaure yana tafiya mai nisa, amma kusa da gindinsa inda yake maƙale da bango ɗan motsi kaɗan yake yi. Idan ka sa shokazoba kusa da gindi, inci ɗaya nata sai ya zama inci ɗaya da rabi ko biyu a wajen taya. Willy Bauer na Maico ya matsa wa De Coster lamba har ƙarshen gasar 500cc ta wannan shekara, ya zo na biyu, De Coster ya sha da ƙyar. Kafin a ce kwabo, kowane bakanike a Turai da Amurka ya ɗauki zarto da na'urar walda. Wasu suna matsar da su gaba, wasu suna kwantar da kawunansu, firam nawa aka lalata Allah kaɗai Ya sani.

Nan kuma sabuwar matsala ta ɓullo. Shokazoba ba sifirin kaɗai ba ce. A cikinta akwai mai da ake tilasta wa bi ta ƙananan ramuka, shi ke hana sifirin yin ta bori bayan an danne shi, kuma duk dukan da ta sha zafi yake komawa. Da aka ɗora wa ƙananan shokazoba aikin da ya fi ƙarfinsu, sai man ya yi zafi, ya tsinke, ya yi kumfa, kafin rabin tsere babur ya koma tsalle kamar ɗan akuya. Maganin ya riga ya wanzu a wajen masu mota. Wani Bafaranshe, Christian Bourcier de Carbon, ya ƙirƙiro shokazoba mai iskar gas tun shekarun 1950, inda ake matse man da iskar naitirojin don kada ya yi kumfa. Masu babur suka ɗauko wannan, suka ƙara wani ɗan gwangwani a gefe don man ya yawaita ya kuma sha iska. Sana'a sabuwa ta buɗe. Bob Fox a Kalifoniya ya yi tasa mai aiki da iska a maimakon sifirin ƙarfe. Kenth Öhlin ya kafa kamfanin Öhlins a Suwidin a 1976, shekara biyu bayan haka Gennady Moiseev na Tarayyar Sobiyet ya ci kambun 250cc a kan KTM da shokazobar Öhlins. Ita ma sarƙa ta shiga uku, don idan taya ta yi sama da ƙasa da yawa sai ta saki nan ta ɗaure can, dole aka matso da gindin ƙarfen lilo dab da ƙaramin haƙorin da ke jan sarƙa.

Zuwa 1980 tafiyar tayar baya ta kai kimanin inci 12, wato santimita 30. Ninki uku ke nan a cikin shekara bakwai, kuma a kusan nan take har yanzu. Da tsawon ya kai iyaka sai hankali ya koma kan yadda za a raba shi. Abin da mahayi ke so shi ne katifa mai laushi a sama, mai tauri a ƙasa: ƙananan duwatsu su wuce bai ji ba, amma idan ya diro daga sama kada babur ya zauna daɓas har ƙarfe ya daki ƙarfe. Hanyar samun wannan ita ce a sa waɗansu 'yan guntayen ƙarafa masu gaɓa tsakanin ƙarfen lilo da shokazoba, waɗanda kusurwarsu ke canjawa yayin da taya ke hawa, ta yadda tun da fari taya za ta matsa shokazoba kaɗan, can ƙarshe kuma ta matsa ta da yawa. Kawasaki ta fito da nata, Uni-Trak, a kasuwa a 1980. Honda ta biyo da Pro-Link a 1981, Suzuki da Full Floater a wannan shekara. Ita kanta Yamaha ta sauko da shokazobarta daga ƙarƙashin tanki a 1983, don a can sama nauyi take ƙarawa inda ba a so. Husqvarna ta Suwidin ta yi taurin kai da guda biyu har 1984, sannan ta bi sahu.

Full Floater ɗin nan ita masana suka fi yabo a wancan lokaci. Shokazobarta ba ta maƙale da firam ko kaɗan, ta sama da ta ƙasa ake matsa ta lokaci guda. Sai dai akwai ƙura a bayanta. Wani matashi ɗan Kalifoniya, Donald Richardson, ya yi rajistar irin wannan dabara a Amurka tun 1975. A 1978 ya ƙulla yarjejeniya da Suzuki, ya buɗe musu sirrinsa don su gwada su gani ko za su saya. A ƙarshen 1979 suka ce ba su saya. Shekara ta zagayo sai ga Full Floater a kasuwa. Richardson ya kai ƙara, aka yi ta ja har 1989, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar cewa an keta haƙƙinsa. Kamfanin da ya mayar da Tilkens gida hannu rabbana, shi ne kuma ya ƙare a gaban alƙali da Richardson. Wannan ɓangare na labarin ya fi tsaya mini a rai, domin da wuya ka sami mai babur da ya san sunan ɗaya daga cikin mutanen nan biyu, alhali a kan tunaninsu yake zaune.

Ba kowa ne ya gamsu da 'yan guntayen ƙarafan nan ba. Suna da boris da yawa masu son giris, suna rataye a ƙasa inda dutse da kututture ke dukan su. A ƙarshen shekarun 1990 KTM ta Ostiriya ta cire su gaba ɗaya, ta kwantar da shokazoba ɗaya kai tsaye a kan ƙarfen lilo, ta bar taurin ƙarshen ya fito daga cikin shokazobar kanta. Ta kira shi PDS. Wajen 2011 ta mayar da su a baburanta na filin tsalle, ta bar PDS a na ratsa daji da duwatsu. Idan ka duba da kyau, dabarar Maico ce ta 1973, an dai cire guda ɗaya.

Abin da ba a iya magancewa ba shi ne tsayi. Taya mai tafiyar santimita 30 tana bukatar fili a samanta, don haka sirdi ya haura har kusan santimita 95 daga ƙasa, gajere sai dai ya dafa da ɗan yatsan ƙafa ɗaya. Mutanen Agadas sun ga wannan canji da idonsu, domin tseren Paris zuwa Dakar ta ƙasar Nijar yake bi a shekarunsa na farko. A 1979 Cyril Neveu ya ci na farko a kan Yamaha XT500 mai shokazoba biyu a baya. A 1983 Yamaha ta fito da babur mai shokazoba ɗaya da ta raɗa wa sunan hamadar Tenere. Wanda ya ci tseren a 1984 da 1985 kuwa Gaston Rahier ne, ɗan Beljiyam, tsohon zakaran duniya na 125cc sau uku a jere daga 1975 zuwa 1977, mutum gajere ƙwarai. BMW ɗin da aka ba shi ƙato ne, ga tanki cike da mai, ƙafarsa ba ta isa ƙasa. Sai ya tayar da inji yana tsaye a gefe, ya saki kuloci, ya bi babur ɗin da ɗan gudu, ya taka matakin hagu, sannan ya wurga ƙafa ya haye.