Daga "Market Literature" zuwa "Trending": Wa ke raɗa wa abin mu suna?

Ya kai mai karatu, ka taɓa lura cewa duk lokacin da wani abu namu ya zama ruwan dare gama duniya, sai ka ji an liƙa masa suna da Turanci? Yau in waƙar fim ta cika gari, ba ka jin an ce ta yi tashe, sai dai "ta na trending". To, wannan ɗabi'a ba yau ta fara ba, kuma ta na da tarihin da ya kamata ka sani.

Mu koma Anaca. Tun daga ƙarshen shekarun 1940, 'yan kasuwar garin su ke buga ƙananan littattafai masu araha cikin Turanci, irin su Veronica My Daughter na Ogali A. Ogali, wanda ya fito a 1956. Masana su ka kira su "Onitsha Market Literature". Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ne ya karya harkar.

Da littattafan soyayya na Hausa su ka mamaye Arewa a farkon shekarun 1990, irin su Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sai aka ɗauko wancan ma'auni aka ɗora masu. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, wato "Kano Market Literature". Nan fa aka yi ta tafka muhawara a jaridu, inda irin su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu su ka ƙalubalanci wannan fahimta.

Me ya yi zafi a kan suna kawai? Ai kalmar "kasuwa" a nan hukunci ce. Ta na nufin kayan yayi ne, yau a saya gobe a watsar. Sai ga shi a 2012 an fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci, an buga shi a Indiya.

Kwatanta wannan da "Kannywood". Shi ma sunan Turanci ne, amma ɗan gida ne ya ƙirƙiro shi, wato Sunusi Shehu Daneji, a mujallar Tauraruwa a 1999. 'Yan fim su ka rungume shi, har ya shiga ƙamus ɗin Oxford a 2020.

Ka ga ashe laifin ba na Turanci ba ne. Abin dubawa shi ne wa ya raɗa sunan, kuma me ya ƙulla a ciki. "Trending" ɗin da mu ke ta rawar kai a kan sa ma'aunin sa kwana biyu ne, ranar ta uku an manta. Don haka kafin ka yabi fim da wannan kalma, tambayi kan ka: tashe ya yi, ko kuwa zama ya zo yi?