Daga atiliye zuwa kwamfuta: tarihin koyar da zane a jami'a



A 1919 wani mai zanen gine-gine, Walter Gropius, ya buɗe makarantar Bauhaus a garin Weimar na Jamus. Tsarinta irin na atiliye ne: malami shi ne maigida, ɗalibi yaron shago, sai hannunka ya taɓa katako, ƙarfe ko zare kafin a ce ka iya. A 1933 ƴan Nazi suka matsa mata har aka rufe ta, wasu malamanta suka yi hijira Amurka da wannan tsari.

Da kwamfuta ta shigo, Macintosh a 1984, Photoshop a 1990, kayan aiki ne suka sake, hanyar koyarwa tana nan. A ba ɗalibi aiki, ya yi makonni a kansa, ya nuna gaban ƴan ajinsu, a yi masa gyara, ya koma ya sake.

To, duk jami'ar da za ta koyar da zane a ƙasarmu, ga tambaya: ɗalibin da ya shekara yana kwafar darasi cikin kaye, bai taɓa zana ko tambarin shago guda ba, wa zai ba shi aiki? Ai tela ma a kan keke ya koya.