Shinge, Ganuwa da Iyaka: Tarihin Wasu Kalmomi a Ƙasar Gumel

Bahaushe ba shi da kalma guda wadda ta tattara dukkan abin da ake gittawa don tsare hanya. Yakan raɗa wa kowanne suna ne gwargwadon abin da aka yi shi da shi, da kuma abin da ake so ya tare. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi sawun waɗannan kalmomi a ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin tarihin wannan yanki ya canja ma'anar wasu daga cikinsu.

Mu fara da na gida da gona. Shinge na ƙaya ne ko na itatuwa, ana kewaye gona da shi saboda dabbobi. Danga da darni na kara ne, zana kuwa ta ciyawa ce da aka saƙa, aikinsu suturta gida daga idon mai wucewa. Katanga da garu ginin ƙasa ne. Abin lura shi ne, manomi ba ya rufe ƙasa ruf: tsakanin shinge da shinge yakan bar burtali domin shanun makiyaya su wuce.

Sai kuma na yaƙi. Ganuwa ita ce ginin da ya zagaye birni, gwalalo ramin da ke bayanta, kafi kuwa itatuwa ne da aka kakkafa kewaye da ƙaramin gari, shi ya sa ake samun sunaye irin su Kafin Hausa. Gumel ta san amfanin waɗannan sarai. Mangawa ne suka kafa masarautar wajen 1750, ta bi Borno, kuma ba ta shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba. A ƙarni na 19 ta sha gwabzawa da Haɗeja da Kano da Damagaram. Duk da haka ganuwa tana da ƙofa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya biyo ta Gumel a 1851, ya tarar da gari mai kasuwa, inda fataken kanwa ke haɗuwa.

Iyaka dabam take da duk waɗannan. Asalinta ba abin da aka gina ba ne. Wurin da abu ya ƙare ne, kamar yadda ake cewa "iyakar abin da na sani". Iyakar sarki ita ce gari na ƙarshe da ke kawo masa haraji, don haka takan matsa gaba ko baya bisa ga ƙarfinsa. Turawa ne suka tsayar da ita wuri ɗaya. Gumel ta shiga hannun Ingila a 1903. Bayan yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, wakilan Ingila da Faransa suka bi daji tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamu. Ta haka Tumbi, tsohuwar hedkwatar masarautar, ta faɗa ɓangaren Faransa, Maigatari kuwa ta zama garin bakin iyaka.

Daga nan iyaka ta ɗauki halin shinge, ta zama abin da ake buɗewa da rufewa. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Kowane karo kasuwar dabbobi ta Maigatari, mai ci ran Alhamis, ta ji a jikinta, domin yawancin raƙuma da shanunta daga arewa suke zuwa. Shi ma shinge ya bar gona ya hau titi, har aka sami "shingen bincike".

A taƙaice, kalmomin nan sun nuna cewa magabata ba su san kariya marar mashiga ba: shinge da burtalinsa, ganuwa da ƙofarta. Ya kamata masu rubuta ƙamus su adana wannan bambanci, masu tsara dokar iyaka kuma su yi la'akari da shi, tun da dangi ɗaya ne ke zaune a ɓangarorin biyu.